Gasasshiyar masara irin ta 'yan Meziko, da cuku da kindirmo, a tsakar gidanki

In damina ta yi nisa, wajen Agusta zuwa Satumba, kika biyo ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya a nan Katsina da la'asar sakaliya, ƙamshin gasasshiyar masara ne ke fara tarbarki tun kafin ki hango mai gasawar, ga shi can zaune gaban murhunshi yana fifita da kwali, ya jera su kan waya suna ƙaf-ƙaf. Mu dai yadda muka taso muka gani kenan, a gasa, a naɗe maki cikin ɓawonta, ki kama gaigaya har ki kai gida haƙora sun gaji, in an yi gata sosai a haɗa da gyaɗa ko kwakwa. To akwai wata hanya da 'yan ƙasar Meziko ke bi da wannan masarar tamu dai, kuma tunda na gwada ta shekarar da ta wuce yaran gidan nan suka hana ni sakat, masara na shigowa kasuwa sai ki ji "Mama yau za a yi mai bama?"

Su can sunanta elote. Kalmar daga harshen Nawatil ta fito, yaren mutanen Aztek na da, ma'anarta ɗanyar masara wadda ba ta ƙosa ba. Da yamma masu kura ke fitowa da ita bakin titi kamar dai yadda masu tsire da masu shayi ke fitowa a nan, wasu dafawa suke a ƙatuwar tukunya wasu su gasa kan garwashi, sai a soka mata tsinke mai kauri a gindi dan a ji daɗin riƙewa, a shafe ta da bama ko wani kirim nasu mai ɗan tsami, a mirgina ta cikin dakakken cuku mai gishiri, a barbaɗa barkono, a matse lemun tsami. Shi kenan fa, babu wani surkulle. Kuma ba aro suka yi ba, masarar ma gaba ɗaya daga can ta samo asali, kusan shekara 9,000 da suka wuce manoman kudancin Meziko suka fara nomata daga wata ciyawar daji, sai bayan ƙarni na 15 ta tsallako teku ta iso Afirka. Sunan da muke kiranta ma masana harshe na danganta shi da Masar, wai ta can ɓangaren ta ɓullo mana. Kinga kenan mu baƙi ne a harkar, in masu abu suka ce ga yadda suke ci ai sai mu ɗanɗana.

Abin da nake so ki fara cirewa daga ranki shine wai sai kin samu irin masarar nan rawaya mai zaƙi kamar an zuba mata suga, wadda ake gani a bidiyoyin girki na 'yan Amurka. Waccan ta Amurka ce. A Meziko kanta mafi yawa fara ce ake yi da ita, mai manyan ƙwaya, mai gari, ba ta da wannan zaƙin, ana ɗan tauna ta. Wato dai ta fi kama da wadda ake kawo mana daga Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Malumfashi. Dan haka kar ki wahalar da kanki ko ki wahalar da maigida da yawon manyan kantuna, abin da ke gaban mai tire a bakin kasuwa ya isa, in dai kin iya zaɓe.

Zaɓen kuma shine rabin aikin, wallahi in kika yi kuskure a nan duk bamar duniya ba zata gyara ba. Masu gasawa a titi sun fi son wadda ta ɗan ƙosa saboda ta fi jure wuta kuma ta fi cika ido, ke kuma mai nono kike nema. Ki ɗauki goyon ki duba ɓawon, ya zama kore shar yana manne da jikinta, ba wanda ya fara fari yana ƙaiƙayi ba. Gemun da ke samanta ya zama ruwan ƙasa mai ɗan danshi, in ya bushe ƙarau yana kakkaryewa to ta kwana biyu da barin gona. Sai ki ɗan yaye ɓawon ta sama kaɗan ki soka farce a ƙwaya ɗaya. In wani farin ruwa kamar madara ya fito, ita ce. In ruwan garai ne kamar na famfo ta yi ƙuruciya da yawa, zata motse a wuta ki rasa abin ci. In kuma farcen ya ƙi shiga, ko ya shiga babu abin da ya fito, ki aje, wannan ta tuwo ce.

Ranar da na fara zuwa nema a kasuwa akwai wani dattijo da na tsaya wurinshi, nace Baba dan Allah zaɓo mani guda shida masu nono. Ya ɗago ya dube ni yace "Hajiya gasawa zaki yi ko dafawa?" nace gasawa. Yace "to ai waɗannan basu ƙosa ba, ki bari in baki masu ƙwari kar ki ce na cuce ki." Sai da na rantse mashi ni haka nake so sannan ya tono mani su daga ƙasan buhu yana girgiza kai, har ya ƙara mani gyara guda ɗaya, ina jin dan tausayi. Tun daga nan in ya hango ni sai ya fara ware su gefe.

Ki saya ranar da zaki yi. Masara daga an karye ta daga kara zaƙin cikinta ke fara komawa gari, ta safe daban ta gobe daban, balle a zafin garin nan. In dole sai ta kwana ki barta cikin ɓawonta ki sa a leda ki tura firji, in wuta ta yi halinta ki lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. In ba damina bace kuma akan samu ta 'yan noman rani, ta wajen dam ɗin Jibiya ko Ajiwa ko Zobe, sai dai tsada kuma ba kullum ba.

Yanzu maganar cuku, nan ne mutane ke cewa ai bamu da kayan. Nasu sunanshi kotiha, sunan wani gari ne a jihar Michowakan, na madarar shanu ne, busasshe, mai gishiri sosai, yana marmashewa kuma baya narkewa in ya ji zafi. To ki karanta siffar nan ki sake karantawa, mi ya tuna maki? Cukun Buzaye mana, wanda ake kawowa daga Nijar, falle-falle mai shatin tabarma a jikinshi, da ake ci da shayi ko a daka cikin fura. Mu da ke nan kusa da iyaka ai gata ne garemu, duk mai zuwa Jibiya ko Mai'aduwa ko mai dangi a Maraɗi zai iya riƙo maki, a cikin gari ma in kika tambayi masu dabino da Buzaye masu shayi zasu nuna maki inda ake samu. Bambancinshi da na Meziko gishiri ne, namu kusan lami yake, dan haka ke zaki ƙara. Ki ɗora falle biyu ko uku kan waya nesa da garwashi minti ɗaya zuwa biyu kowane gefe, ya ɗan yi ƙamshi ya ƙara ƙarfi, kar ki matsa ko'ina dan yanzun nan yake ƙonewa, in ya huce ki kakkarya ki zuba a turmi mai tsabta da rabin ƙaramin cokali na gishiri ki daka. Ba lukui kamar garin tuwo ba, ki barshi da ɗan tsaki-tsaki yadda za a ji shi a haƙori. Kuma dan Allah ba turmin da aka daka daddawa jiya ba, cuku na kwasar wari.

In kin shinshina cukun kin ji ya yi wani ɗaci-ɗaci ko warin tsohon mai, ya daɗe, ki nemi wani. Wanda ake sa wa fiza mai jan zare kuwa bai dace da nan ba sam, narkewa zai yi ya dunƙule. Awara ma na gwada dan ƙanwata ta matsa, ba laifi a ci amma wani abinci ne daban, ba elote ba.

Kirim ɗin nasu kuma kindirmo ne ke maye gurbinshi, amma ba kai tsaye daga ƙwarya ba dan ya yi ruwa, zai zube ne ya bi hannu har gwiwar hannu. Ki samu ƙyalle fari mai tsabta, irin wanda kike tace kamu, ki shimfiɗa kan rariya, ki zuba kindirmo kamar kofi ɗaya ki aje kwano a ƙasa, ki barshi awa ɗaya zuwa biyu a wuri mai sanyi ruwan ya tsane. Abin da zai rage a ƙyallen mai kauri ne yana tsayawa a cokali, shi kike so. In kindirmon na sayarwa ne kuma kin san halin wasu da ƙarin ruwa, ki ninka, dan zaki ga rabi ya tafi. Wanda kika haɗa da kanki da madarar gari ma yana yi, sai dai ki tabbatar babu suga babu filebo, wata ƙawata ta yi da yogot mai zaƙi na roba tace mani abin bai yi mata ba, nace ai dole.

Bama kam bama ce, wadda kike sa wa salak. Na san akwai masu ƙyanƙyaminta, ana iya yi da kindirmo zalla, amma gaskiya maiƙonta ne ke riƙe cukun a jikin masara, ni rabi da rabi nake yi.

Barkono. Can suna da nasu kala-kala, kuma akwai wani haɗi na kwalba mai suna Tajín da suke barbaɗawa kan masara da 'ya'yan itace, barkono ne da gishiri da busasshen lemun tsami kawai. Namu haɗin gida ya wadatar, babban cokali ɗaya na garin busasshen tattasai dan kala da ƙamshi, ƙaramin cokali ɗaya na garin barkono ja dan zafi, ɗan gishiri. In da yara ki raba biyu, nasu tattasai zalla. Maigida shi ya nace sai da yajin ƙuli irin na tsire, na gwada mashi, kuma ba zan ɓoye ba ya yi daɗi, ƙulin da citta sun shiga da masarar sosai, sai dai in kika sa shi ɗanɗanon cukun ɓacewa yake, ya koma kamar kina cin tsiren masara. Ki fara yin na asalin sau ɗaya ki san yadda yake tukuna ki yi naki ƙirƙire-ƙirƙiren. Abu ɗaya da zan roƙe ki, kar ki sa magi. Na san hannu ya saba, amma nan gishiri da tsami da maiƙo da hayaƙi ne ke aikin, magi na shiga komai ya koma ɗanɗanon miya.

Lemun tsami ƙananan nan namu masu 'ya'ya su ne daidai, irin su ake amfani da su can ma. Ki zaɓi masu santsin fata masu nauyi, ki murza su a ƙasan tafin hannu kan tebur kafin ki yanka. Sai man shanu, wanda kika riga kika soya da albasa, cokali biyu, in babu bota ta yi.

Ga masara shida ga yadda nake haɗawa: bama babban cokali 4, tataccen kindirmo babban cokali 4, tafarnuwa ƙwaya ɗaya ƙarama a daka ta lukui, ruwan lemun tsami guda ɗaya, gishiri ɗan yatsa biyu. Ki juya ki ɗanɗana, ya kamata ki ji tsamin ya ɗan fi yadda kike so, dan in ya hau masara lafawa yake. Ki rufe ki aje a wuri mai sanyi. Dakakken cuku kamar cikin kofin shayi ɗaya ki baza shi a faranti mai faɗi, yaji a ɗan kwano, sauran lemun tsami biyu ki yanka hurhuɗu, in kina so ki yayyanka lawashi ƙanana, su ganyen koriyanda suke sawa wani lokacin, ba dole bane. Duk wannan ki gama shi kafin ki hura wuta, saboda daga masara ta sauka babu lokacin neman cokali.

Wutar gawayi ce ta fi, ko a kurfoti ko murhun da kike gashin nama. Ki hura a tsakar gida ko wurin da iska ke shiga, kar ruwan sama ya sa ki ja murhun cikin ɗaki ko kicin ki rufe ƙofa, iskar gawayi na kisa ba tare da mutum ya ji warin komai ba, wannan ba maganar wasa bace. Ki jira har harshen wutar ya mutu, gawayin ya yi ja ya fara yin farar toka a samanshi, ki baza shi ki ɗora waya. In kika miƙa tafin hannu sama da wayar kika iya ƙirga huɗu zuwa biyar kafin ki janye, ya yi. In ko biyu baki kai ba ya yi zafi da yawa, waje zai ƙone ciki ɗanye.

Ki ɓare masarar, amma in kina son ado kar ki cire ɓawon gaba ɗaya, ki ja shi baya ki ɗaure da zare ɗaya daga jikinshi ya zama mariƙi, yana da kyau a ido kuma hannun yara baya ƙonewa, sai dai ki bar wannan ɓangaren ya leƙo wajen waya kar ya kama wuta. Ni dai yawanci tsinken tsire mai kauri nake sokawa a totuwar bayan an gasa, ko in karya kowace biyu dan yara. Ki tsince gemun tas, babu abin haushi irin gashin masara a tsakanin haƙora.

To a nan ne ake rabuwa, a fara dafawa ko a gasa kai tsaye? In kin dace da mai nono sosai, ta yau, ki ɗora ta kan wuta kawai. In kin ga ta ɗan fara ƙwari, wanda shine mafi yawan abin da zaki samu a kasuwa, ki tafasa ruwa da ɗan gishiri ki jefa su minti 10 zuwa 15, ki tsame ki bari su tsane su sha iska sannan ki gasa. Wannan ɗan dafawar ita ce ke sa ciki laushi waje kuma ya samu ƙunar wuta, kuma tunda su ma masu abin suna dafawa ai ba ha'inci kika yi ba. Ni yanzu kusan kullum haka nake yi, dan Hajiya surukata haƙoranta ba kamar da ba.

Ki jera su kan waya, ki riƙa juyawa duk bayan minti biyu ko uku, kina fifita kaɗan-kaɗan in wutar ta yi sanyi. Zaki ji suna fashewa ɗaya-ɗaya, ba komai. Abin da kike nema shine ɗigo-ɗigon baƙi da ruwan ƙasa a ko'ina, wasu ƙwayoyin sun ƙone kaɗan wasu suna nan da haskensu, ba wai ta yi baƙi ƙirin ba kuma ba fara fat ba. Ɗanya zata ɗauki minti 12 zuwa 15, wadda aka dafa 6 zuwa 8 sun isa. Kar ki barta ta daɗe wai sai ta yi irin ta titi, in ruwan cikinta ya ƙone ƙwayoyin suka lotsa to taunar ta zama aiki.

Bari in baki labarin wautar da na tafka karon farko dan kar ki maimaita. Ni a tunanina kamar kaza ce, a shafa haɗi sannan a gasa ya shiga jiki. Na lafta wa masara uku bama da kindirmo na ɗora kan garwashi. Ko minti ɗaya ba a yi ba man ya fara ɗiga, wuta ta tashi bal-bal, hayaƙi ya turnuƙe gidan har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana "lafiya dai Maman yara?" Masarar ta fito baƙa, tana warin ƙonannen ƙwai, kindirmon ya tsinke ya yi gudaji-gudaji. Hajiya na zaune kan tabarma tana jan carbi, bata ce komai ba sai da na kwashe, sannan tace "ke 'yar nan, masarar Allah mi ta yi maki?" Awaki ma sai da suka shinshina suka yi tunani. Dan haka masara tsirararta take hawa wuta, shafe-shafe duk sai ta sauka.

Tana sauka, da zafinta, ki shafa man shanu siriri da bayan cokali, zaki ga ya narke ya shige tsakanin ƙwayoyin. Ki bata kamar rabin minti ta daina tururi mai ƙarfi, sai ki shafa haɗin bamar ko'ina, ba lafta ba, yadda dai ƙwayoyin zasu riƙa leƙowa ta ƙasa. Ki riƙe ta ta gindi ki mirgina cikin farantin cuku, inda bai kama ba ki barbaɗa da hannu. Sai yaji daga sama, ki ɗaga hannunki nesa kaɗan dan ya bazu kar ya taru wuri guda. Lawashi in kina so. Lemun tsami kuma ki miƙa wa kowa yankinshi ya matse da kanshi lokacin da zai kai baki, in kika matse tun da wuri wanke cukun yake yi. Ɗaya bayan ɗaya ake yi ana miƙawa, ba a jira a gama duka a jera a tire a ɗauki hoto, minti biyar in ta yi a aje ta fara saki. Kuma ki tanadi ruwan wanke hannu da tsumma, babu yadda za a yi a ci abin nan cikin yanga, har hanci sai ya samu rabonshi, in kina da baƙin kunya ki basu ta kofi da zan faɗa yanzu.

Wadda bata da gawayi ko ruwa ya hana, kan gas ma ana yi. Ki dafa ta tukuna har ta nuna, ki tsane ta sosai, ki riƙe da abin kama nama ki riƙa juyawa kan harshen wutar kai tsaye minti uku zuwa huɗu har ta yi ɗigon baƙi. Ko ki ɗora kasko mai kauri ya yi zafi sosai babu mai, ki kwantar da su ciki kina juyawa. A risho kam kar ki kai ta kan wuta kai tsaye, warin kananzir zata ɗauka, kasko zaki sa. Ƙamshin hayaƙin ba zai kai na gawayi ba, amma ana ci a lashe hannu.

Ta kofin kuma sunanta eskites, kayan duk iri ɗaya ne sai dai an fere ƙwayoyin daga totuwa ana ci da cokali. Ni ma na fi yinta in muna da yawa. Ki tsayar da masarar cikin roba mai faɗi ki bi da wuƙa daga sama zuwa ƙasa, kar ki shiga totuwar sosai, sannan ki kankare da bayan wuƙar dan wannan nonon da ya rage ya fito, nan daɗin yake. Ki zuba man shanu cokali biyu a tukunya, albasa rabi yankakka ƙanana, attaruhu ɗaya in kina so, in sun yi laushi ki juye masarar ki soya kina barinta tana ɗan kamawa kafin ki juya, kamar minti 8, sai ki zuba ruwa kofi ɗaya da gishiri ki rufe ta dahu minti 15 zuwa 20 gwargwadon ƙwarinta. Su suna jefa wani ganye mai ƙarfin ƙamshi da ake kira efazote, ni ganyen ɗoɗɗoya biyu nake jefawa, ƙamshin ba ɗaya bane amma yana dacewa. Kar ki bari ruwan ya ƙone duka, ana son ɗan romo a ƙasan kofi. Ki zuba a kofuna da zafi, cokalin haɗin bama a sama, cuku, yaji, lemun tsami, kowa ya juya nashi. Lokacin da babu ɗanyar masara kwata-kwata, ta gwangwani na iya fitar da ke a wannan, ki tsiyaye ruwanta ki ɗauraye ki soya a wuta mai ƙarfi ba sai kin ƙara ruwa ba, sai dai zaƙinta ya yi yawa, ki ƙara lemun tsami da barkono.

Haɗin bama da kindirmo baya son zafi, in ya wuce awa biyu a waje ki haƙura da shi, a watannin zafi ma awa ɗaya, dan haka ki haɗa daidai wanda za a cinye. Dakakken cuku da yaji su kam suna ajiyuwa a kwalba mai murfi. Masarar da ta rage wadda ba a shafa wa komai ba ki fere ta ki sa a firji, gobe ki yi ta kofi da ita.

Abin sha kuma ki dafa zoɓo ki sa ya yi sanyi, kar ki cika mashi suga. Su ma can suna shan shi sosai, ruwan hamaika suke ce mashi, furen nan dai namu ne babu bambanci, har daga Najeriya ake kai masu shi. Hajiya dai har yau bata yarda da bama ba, tace abin da aka yi da ɗanyen ƙwai ba zai shiga cikinta ba, nata daban nake yi, dafaffiya sosai a ɗan nuna wa wuta, man shanu, kindirmo, cuku mai yawa, barkono kaɗan, in fere mata a kwano. Jiya da na kai mata ta cinye ta miƙo kwanon tace in akwai saura a ƙara mata lemun tsami.